Filin Tambaya da Amsa: Me ya haɗa kayan cikin rago da jarumta a bakin Bature?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin wannan karon kamar haɗin baki, guda uku duk a mahauta suka tsaya, sai nace to bari in zuba su wuri ɗaya tunda dama tukunya ɗaya ake dafa su. Waɗanda suka aiko da tambayar nahawu kuyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali ya ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina karanta lafiyar dabbobi anan Bauchi, yanzu haka kullum da asuba muna zuwa kwata koyon duba nama. A handawut ɗin da aka bamu an rubuta wai a duba pluck da kyau kafin a bar nama ya fita, kuma likitan da yake koya mana shima haka yake cewa, kawo min pluck ɗin nan, yana nuna huhu da zuciya da hanta. To ni abun da na sani tun sakandare pluck shine fige kaza ko tsinko mangwaro, da na duba dikshinari na waya kuma sai naga wai jarumta. Babana mahauci ne ya fi shekara talatin yana fawa, da na gaya mishi dariya kawai yayi yace Bature dai bai san kan nama ba. Dan Allah Malam kalma ɗaya ce ko uku ne suka yi kama, kuma in zan fassara wa Baba me zance mishi? Nagode. Daga ɗalibinka, unguwar Jahun, Bauchi.

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa karatu albarka, ka gaida min Baba da kyau kace ina masa fatan kasuwa. Amma ka faɗa masa a wannan karon dai Bature ya san kan nama, don kalmar daga bakin mahautan Ingila ta fito, abokan sana'arsa ne suka raɗa ta ba 'yan boko ba.

Kalma ɗaya ce. Tushenta aikatau ne tsoho tukuf, tun Turancin da ake yi shekara dubu da suka wuce yana nan, lokacin pluccian suke cewa, ma'ana ka kama abu ka fizgo shi ya rabu da inda yake. Shi yasa fige kaza pluck ne, tsinko mangwaro pluck ne, hatta mai gurmi in yana taɓa tsirkiya da yatsa a wajensu pluck yake yi tunda jan ta yake yana saki.

To yanzu gobe in kaje kwata ka tsaya bayan Baba ka kalli hannunsa in ya gama fiɗa ya farke cikin rago. Tumbi da hanji su suke fara zubowa, wannan nasu daban. Sai ya sa wuƙa ya zagaye tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, ya zura hannu ya kamo maƙogwaro ya jawo, zakaga huhu da zuciya sun taho tare kamar an ɗaure su da igiya ga hanta tana reto a ƙasa. Wannan jan guda ɗaya da yayi shine ya zama sunan, wato abun da aka fizgo. Tun wajen 1611 ake ganin kalmar a rubuce da wannan ma'anar, kaga ta haura shekara 400 kenan tana yawo a mahauta, kuma har yau likitocin dabbobi basu samu wadda ta fi ta ba.

Sai dai ka kula da abu ɗaya saboda jarrabawa. A bakin mahauci pluck shine zuciya da hanta da huhu, wani lokacin harda saifa. Amma in likita yana binciken dabbar da ta mutu don ya gano me ya kashe ta, yakan zaro tun daga harshe da maƙoshi da maƙogwaro har huhu da zuciya a haɗe, shima pluck yake ce masa alhali babu hanta a ciki. Sannan a saniya yawanci hanta daban ake cire ta saboda girmanta, a rago da akuya ne take biyo sauran. Don haka in malami ya tambaya ka fara duba a wane darasi ake.

Batun fassara wa Baba kuwa, kar kace masa kayan ciki kayi shiru, don kayan ciki ya fi pluck faɗi, ya haɗa da tumbi da hanji da ƙoda da komai. Kayan ciki gaba ɗaya a Turanci offal ne, ita ma tsohuwar kalma ce tun ƙarni na 14, haɗin off da fall, wato abun da ya zube gefe in ana gyaran nama. 'Yar'uwarta a Jamusanci Abfall har yanzu shara take nufi, daga nan kaɗai ka gane irin kallon da suke wa abun. Mu kuwa ranar layya kafin a taɓa cinya hanta ake fara gasa wa maigida, kuma ga hadisin nan da ya halatta mana jini biyu, hanta da saifa, kaga hanyarmu da tasu ta rabu tun daga suna. Masu duba nama sun raba offal gida biyu, ja da kore, jan shine su zuciya da hanta da huhu, koren kuma tumbi da hanji saboda ciyawar da ke cikinsu. Kace wa Baba huhu da zuciya da hanta in an zaro su a haɗe da maƙogwaro, shikenan, shi da yake zaro shi kullum ba sai ka ƙara ba.

Dalilin da yasa likitan naku ya matsa a kansa kuwa, cuta in ta ɓuya a tsoka to a waɗannan ukun take tona kanta. Tarin fuka na shanu a huhu da kaluluwar da ke kewaye da shi ake kama shi, ƙulalai ne farare masu ɗan rawaya in ka sa wuƙa sai kaji kamar tana gurzar yashi, kuma cutar tana kama mutum musamman ta nonon da ba a dafa ba don haka ba ta wasa bace. Ciwon huhun nan da makiyaya suke tsoro shi kuma huhun tauri yake yi ya manne da haƙarƙari, in an yanka kaga zane-zane a ciki. A hanta tsutsar nan mai faɗi kamar ganye ake nema a hanyoyin maɗaciya, wadda dabba ke kwasowa a ciyawar fadama inda katantanwa take. Zuciya kuma ana tsaga ta ne saboda 'yan ƙwayoyin nan kamar tsabar shinkafa masu zama tsila a cikin mutum in yaci naman bai dahu ba. Na san an koya muku, na faɗa ne saboda masu karatu da suke ganin kamar likitan kwata neman rigima kawai yake da mahauta.

Tunda muna kan huhu bari in ƙara maka wata da zaka iya karo da ita a tsofaffin littattafai, lights. In kaga an rubuta liver and lights ba hanta da fitilu ake nufi ba, hanta da huhu ne. Tun wajen shekarar 1200 suke kiran huhu haka saboda rashin nauyinsa, kuma ita kanta kalmar lung da kowa ya sani daga tushen rashin nauyin ta fito, Rashawa ma sunan huhu a yarensu mara nauyi yake nufi. Gwada da kanka, yanki huhu ka jefa a bokitin ruwa zakaga yana yawo a sama, hanta kuwa ƙasa zata tafi, huhun da ciwo ya daskarar shima nutsewa yake yi. A Ingila a da can da arha ake sayar da lights ana ba kyanwa. Amma maƙwabtansu na Sikotilan basu yarda da wannan asarar ba, abincin da suka fi alfahari da shi mai suna haggis pluck ɗin tunkiya ne sukutum, a niƙa shi da albasa da kitse da garin wani hatsi nasu mai suna ots da kayan yaji a ɗura a tumbi a dafa, daren 25 ga Janairu har da busa ake rako shi kan tebur kamar an ɗauko sarki da algaita. Amurka kuma tun 1971 ta hana sayar da huhun dabba a matsayin abincin mutum, saboda ruwan tumbi da ƙura da kan shiga cikinsa, shi yasa haggis na asali baya shiga ƙasar. Mu nan ko a jikinmu, mai balangu yana yanko maka shi gyara.

Yanzu ga inda zancen yake da daɗi, jarumta. A shekarun 1700 damben hannu tsirara ya yi tashe sosai a Ingila, ba safar hannu ba komai, manyan mutane suna zuba kuɗi suna caca a kai, kuma cikin 'yan damben akwai mahauta. Wanda ya kayar da shahararren zakaransu Jack Broughton a 1750, wato Jack Slack, mahauci ne daga garin Norwich. A bakin 'yan kallon dambe ne kalmar ta sauya riga, in mutum yana shan naushi jini yana zuba amma ya ƙi ja da baya sai suce yana da pluck, wato cikinsa ba fanko bane, akwai zuciya akwai hanta. Wani mai suna Francis Grose da ya tattara kalmomin 'yan tasha da 'yan kasuwar Landan a ƙamus a 1785 ya saka ta da ma'anar jarumta, wanda kuma aka ce bashi da pluck to matsoraci ne. Da farko maganar 'yan titi ce, mai mutunci baya furta ta a gaban surukai, sai a ƙarni na 19 ta yi wanka ta shiga jarida da littafi har ta haifi plucky.

Wallahi ranar da na fara karanta wannan tarihin dariya nayi ni kaɗai, don mu ma ai dambe na rundawa ne, kalangun da ake kaɗa wa nama a kasuwa shi ake kaɗa wa ɗan dambe a fage, kuma da can in kaka tayi mahauta ne suke bin garuruwa suna neman abokin karawa. Ashe ko a Landan mahauci da ɗan dambe basu yi nisa da juna ba. Wannan kaɗai in ka gaya wa Baba na san zai sassauta wa Bature.

Kuma ba wani abun mamaki bane a nemi jarumta a kayan ciki, kowane yare haka yake yi. Ita kanta courage daga kalmar Latin cor take, zuciya. Guts hanji ne amma yanzu ƙarfin hali yake nufi. Suna da tsohon zagi lily-livered, mai farar hanta, don a tunanin likitocinsu na da hantar matsoraci babu jini a cikinta. Sauko gida kaji ɗan Burokan yana cewa wane yana da liba, ko liba ta gaza masa. Mu kuma fa? Hantar cikinsa ta kaɗa, 'yan hanjinsa suka kaɗa, cikinsa ya ɗuri ruwa, wane mai zuciya ne baya roƙo, wane matacciyar zuciya gare shi, su wane kamar hanta da jini, murna da ɓacin rai ma a ciki muka ajiye su muka ce farin ciki da baƙin ciki, mai ɓoye magana muka ce zurfin ciki gare shi. Mun saba da su ne har mun daina jin warin mahauta a jikinsu, haka shima Bature in yace pluck yau ko kusa rago baya faɗo masa a rai.

Sai dai kar ka fassara pluck da zuciya kai tsaye, don a Hausa in kace wane yana da zuciya ana iya ɗauka saurin fushi kake nufi, pluck kuwa babu fushi a cikinta. Ƙarfin hali ya fi dacewa. In kaga pluck up courage to yayi ta maza kenan, ya cije ya tunkari abun da yake tsoro. Plucky kuma a yi hattara da ita, ƙarami ake gaya wa in ya tsaya wa babba, misali ace ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists taje ta riƙe wata babbar ƙungiya canjaras a gidanta sai jarida tace plucky, yabo ne amma akwai ɗan raini a ƙasansa irin yaro dai yayi ƙoƙari. Kar ka kuskura ka gaya wa shugaban sashenku ita da sunan yabo. Sannan a tsohon yaren ɗaliban Oksfod da Kambirij in ance an yi plucking ɗin wane to ya faɗi jarrabawa, an fige shi tas kamar kaza, Allah ya raba ka da wannan ma'anar.

TAMBAYA TA BIYU

Assalamu alaikum Malam, sannu da aiki Allah ya saka da alheri. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare anan Gombe, ina shirya 'yan aji shida wa WAEC. Muna bitar karin magana muka zo kan to eat humble pie, nace musu ma'anarsa mutum ya sauke girman kai ya amsa kuskurensa, sai wata yarinya mai shegen wayo ta ɗaga hannu tace Malama to shi fai ɗin me aka zuba a ciki da ya zama mai tawali'u, ajin duk aka sa dariya ni kuma na wayance nace lokaci ya ƙare. Dan Allah a fitar dani kunya kafin Litinin. Daga 'yar'uwarka a unguwar Bolari, Gombe.

AMSA

Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara haƙuri da yara. Yarinyar nan ki riƙe ta da kyau, tambayarta tafi ta wasu masu digiri, kuma amsar da zaki kai mata ita ce kayan ciki aka zuba, kayan cikin barewa.

Ga yanda abun yake. Bayan 1066 da Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama yaren fada da na manya na tsawon lokaci, kalmomin girki da na farauta da yawa daga nan suka shigo Turanci, shi yasa saniya tana raye cow ce amma a faranti beef, tunkiya sheep a faranti mutton. Cikin waɗanda suka shigo akwai nombles, wadda asalinta Latin ne lumbulus, ɗan naman gadon baya wajen ƙugu. A bakin Ingilishi ta zama numbles, ma'anarta kuma ta koma zuciya da hanta da sauran kayan cikin dabbar da aka farauto, musamman barewa irin ta ƙasarsu. Ana yayyanka su a zuba kayan ƙamshi a rufe da kwaɓin fulawa a gasa, kamar mitfai ɗinmu amma babba, sunansa numble pie.

To ina n ɗin ta tafi? Kunne ne ya sace ta. In mutum yace a numble da sauri mai ji sai yaji an umble, a hankali n ta bar kalmar ta koma jikin a. Ba ita kaɗai hakan ya samu ba, apron da napron ce, adder macijin nan da nadder ne, umpire alƙalin wasa shima da n yake farawa. In yaran sun yi miki kallon rashin yarda ki kawo musu namu, don mu ma mun yi irin wannan aikin da Larabci sai dai mu haɗiyewa muka yi ba yarwa ba. Al ɗin Larabci ai ba jikin kalma bace, amma muka ji alƙali da albasa da alkama muka ɗauke su da ita gaba ɗaya, a wasu kuma muka gutsure a muka bar l, shine littafi da labari da lafiya da lahira da laifi. Babu Bahaushen da yake jin l ɗin lafiya a matsayin baƙuwa.

Saura h. Ita humble mai nufin tawali'u daban take, daga Latin humilis, mai alaƙa da humus wato ƙasa, wanda ya yi ƙasa da kansa kenan, babu dangantakar jini tsakaninta da umbles ko ta kaka. Sai dai a da Ingilishi da yawa basa furta h ɗin humble, umble suke cewa, kinga sauti ya zama ɗaya sak. Daga nan masu son wasa da harshe suka haɗa auren, wajen 1830 aka fara ganin eat humble pie da ma'anar da kika koya musu. Abincin ya ɓace daga kicin ɗinsu karin maganar ta zauna daram.

Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa in an dawo farauta maigida da manyan baƙi su ci tsoka a babban tebur, bayi da masu hidima a tura musu fai ɗin kayan ciki can ƙasa, wai shi yasa cin sa ya zama ƙasƙanci. Labarin yana da daɗin faɗa a aji kuma gaskiya ne kayan ciki sau da yawa rabon mafarauci da yaransa ne, amma ni bana son a kwantar da duka nauyin a kansa. Samuel Pepys, babban ma'aikacin gwamnati ne a Landan mai rufin asiri sosai, a littafin da yake rubuta abun da ya faru da shi kullum ya faɗi a Yulin 1662 cewa an bashi naman barewa ya sa an gasa masa umbles ɗin a fai, a Yulin 1663 kuma wata maƙwabciya ta kawo musu irinsa da zafinsa daga tanda yana ta yabon daɗinsa. Mutumin da yake ganin abu ƙasƙanci ne baya rubuta shi da wannan santin. Ni a ganina kamar farfesun kayan ciki ne a wajenmu, talaka yana ci Alhaji ma yana aikawa a sayo masa, kamannin sautin ne yayi yawancin aikin.

Wajen fassara kuma ki basu ya lashe amansa, shine mafi kusa musamman in mutum ya cika baki sannan dole tasa ya janye. In babu cika baki a ciki, kawai an ƙure shi ne ya sauko, to ya kwantar da kai ko ya yi laƙwas sun isa. Ki lura namu ma abu ne mara daɗi ake sa mutum ya mayar baki, har ya fi nasu tsanani, su ko ba komai fai suka ci.

Ranar Litinin ki fara da cewa yarinyar ta tashi, ki gaya wa ajin ranar nan baki da amsa ne shi yasa kika ce lokaci ya ƙare, sannan ki rubuta karin maganar a allo ki ce to ga misalinta kun gani da idonku. Ba zasu manta da ita a ɗakin jarrabawa ba.

TAMBAYA TA UKU

Slm Malam ina wuni. Ina sana'ar soye-soye daga gida ina tallatawa a WhatsApp, ina son in buga ɗan menu da Hausa da Turanci. Kowa gizad yake cewa har na manta sunansa na Hausa, kuma wata kwastoma tace min wai in rubuta giblets ya fi burgewa, shin ɗaya ne? Daga Fadaman Mada, Bauchi.

AMSA

Lafiya lau Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ƙundu ne sunansa, kuma ba ke kaɗai kika manta ba, yaran yanzu in kace ƙundu sai su ɗauka zagi zaka yi. Ita gizzard ɗin ma aro ce a Turanci, daga tsohon Faransanci ta shigo a ƙarni na 14 ana cewa giser, asalinta Latin gigeria wato dafaffen kayan cikin kaza, d ɗin ƙarshe daga baya baki ya liƙa mata. Aikinsa a jikin kaza niƙa ne, tunda bata da haƙori sai ta haɗiyi tsakuwa ƙundun ya riƙa murza tsaba da ita, shi yasa in kin tsaga kike samun yashi kuma shi yasa namansa yake da tauri, tsoka ce da bata hutawa. Suna da karin magana ma da shi, in abu ya tsaya wa mutum a gizzard to ya tsaya masa a rai ya kasa haɗiyewa.

Giblets kuwa ba ɗaya bane da shi, kwastomarki ta so ta kai ki ta baro. Giblets tarkacen cikin kaza ne gaba ɗaya, ƙundu da hanta da zuciya har da wuya, in kika rubuta haka mai saye yazo ya tarar da ƙundu zalla zai ce ina sauran. In ƙundu kaɗai kike soyawa ki rubuta ƙundu a sama gizzard a ƙasa da z biyu, in kuma kina haɗawa da hanta da zuciya to ki sa kayan cikin kaza, giblets. In kin soya na gwaji kuma ofishinmu ba nisa, a saka yaji da yawa.